Rairayin da Na Zuba wa Kifayen Malam Illa

Inuwar kifin na fara gani kafin kifin kansa. Ina ɗauke da gilashin taga a kafaɗa, maigidana Mamman Mai Madubi yana gabana, muka shiga falon wani ma'aikacin aikin gyaran ƙasa a Keita. A jikin bango akwai akwatin gilashi cike da ruwa. Hasken hantsi ya shigo ta tagar da muka zo gyarawa, ya ratsa ruwan, ya kwanta a kan farin rairayin da ke ƙasan akwatin. A kan rairayin nan wata 'yar inuwa take tafiya, tana karkaɗa jela a hankali kamar budurwar da ta san ana kallonta. Shekarata goma sha tara lokacin, da ɗan littafin soyayya a aljihun wandona, irin waɗanda ake shimfiɗawa a tabarma ranar kasuwar Madawa. Na tsaya cak. Kusurwar gilashin da ke kafaɗata ta daki ƙyauren ƙofa, ya tsage daga sama har ƙasa.

Maigida ya juyo ya dubi tsagar, ya dube ni.

"Kai ɗan littahi, mi kaka kallo?"

"Kihi, Maigida."

Bai mare ni ba, ko da yake na cancanta. Ya je ya durƙusa gaban akwatin, ya manna kuncinsa da gilashin yana duban ƙasa. Ya yi shekaru yana ci-rani a Abijan, can ya koyi haɗa irin waɗannan akwatuna kafin ya dawo gida yankan tagogi da madubai. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi yana kakkaɓe gwiwa.

"Wanga rairai ya yi kauri. Nan da wata biyu za su ji wari. Kana kallon kihi, ba ka ga abin da zai kashe shi ba."

Fiye da shekara talatin ke nan ina wannan sana'a, kuma ba don na ba da labarin ƙuruciya na ɗauki alƙalami ba. Makon jiya samari uku suka tsaya da moto, wato babur, bakin shagona a Madawa, ɗaya ya miƙo mini waya har kusa da hancina.

"Baba, wanga aiki naka ai gilashi biyar ne da gam. Mun gani cikin waya, minti huɗu an gama."

Minti huɗu! Su ne kuma suke yawo a tasha da ƙullin tsakuwa cikin leda, ja da kore da shuɗi, tsakuwar bakin hanya da suka tsoma a fentin ƙofa, suna gaya wa mata wai kayan waje ne. Ban ba su amsa ba ranar, don na san abin da zai fito daga bakina ba na faɗa a kasuwa ba ne. Har yanzu ban huce ba. Amma ku saurara, ku samari, tunda ku kuka tsokano ni.

Gilashi biyar da gam gaskiya ne, kuma shi ne abu mafi sauƙi a aikin. Duk wanda hannunsa ba ya rawa zai koya cikin wata shida. Akwai abin yanka mai ɗan lu'ulu'u a baki da muke tsomawa a kananzir kafin a ja layi, akwai sandar awo ta katako, akwai dutsen goge kaifi, akwai bindigar gam. Waɗannan na gani cikin wayarku. Abin da ban gani ba shi ne tiyo siriri na zuƙe datti, da rariya biyu, babba da ƙarama, da lemun tsami. E, lemun tsami kayan aiki ne.

Shekarata ta farko a wannan ɓangare Maigida bai bar ni na taɓa gam ba. Rairayi nake wankewa. In tafi ƙorama da jaki in ɗebo, kuma ba kowane wuri ba. Ba a ɗiba ƙasa da gonakin albasa, don ruwan da ya wanke taki da maganin ƙwari nan yake kwanciya, kuma ido ba ya ganinsa. Sai a haura sama da gonaki, inda ruwa ke saukowa daga dutse. In tankaɗe da babbar rariya in fitar da tsakuwa mai kaifi, in tankaɗe da ƙaramar in zubar da gari. Sannan wanki, bokiti bayan bokiti, har sai na zuba ruwa na motsa na ga zoben Maigida da ya jefa a ƙasan bokitin. In bai ga zobensa ba, ya ce, "Sake." Bayan nan a tafasa a tukunya, a shanya a tabarma kwana biyu. Hannuwana sun tsattsage, littafina ya jiƙe ya kumbura a aljihu, ina wanki ina raya cewa wata rana wata mai idanu kamar madara za ta tsaya gaban akwatin da na haɗa ta yi ajiyar zuciya. Babu wadda ta zo. Maigida ne kullum yake zuwa ya ce, "Sake."

Wani mai farmasi a Keita ya taɓa kawo mana fararen duwatsu cikin buhu, ya tsinto su a tudu inda ake jera duwatsun tare ruwa. Kyawawa ne ƙwarai, wasu har da zanen bawon dodon koɗi a jikinsu, kamar wani ya zauna ya sassaƙa. Ni har na fara jera su a zuciyata. Maigida ya yanka lemun tsami ya matsa a kan ɗaya, dutsen ya yi kumfa yana tsuwa. Ya ce dutsen farar ƙasa ne, zai riƙa narkewa a hankali yana canja ruwan, kuma ruwan rijiyoyinmu dama nauyi gare shi. Mai farmasi ya yi fushi ya kwashe buhunsa. Maigida ya tsotse sauran lemun ya ci gaba da aikinsa.

Amma babbar tambayar sana'ar ba wane rairayi ba ce. Ita ce a zuba ko kada a zuba. Akwatin da aka bar ƙasansa gilashi zalla ba ya ɓoye komai. Kashin kifi da sauran abinci suna nan kwance kowa na gani, ka sa tiyo ka zuƙe kafin ruwan shayi ya tafasa. Shi ake yi wa 'ya'yan kifi, da kifi marar lafiya, da gidan da ake sayen ruwa a bido, wato jarka, da unguwar da ake yawan ɗauke kuran, wato wutar lantarki, injin hura iska ya tsaya. Laifinsa muni. Ba a dasa ciyawa a ciki, wasu kifayen suna firgita da ƙyallin ƙasa, masu tonon ƙasa da baki kuma suna zama kamar kaza a kan siminti. Rairayi kuwa yana kwantar wa kifi da hankali, yana riƙe saiwar ciyawa, kuma a jikinsa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke zama suna tace ruwan. Sai dai yana rufa wa datti asiri. Kaurin gaɓar yatsa ɗaya, iska na shiga, lafiya lau. Ya wuce haka, ƙasansa ya toshe, abin da ya nutse ya ruɓe ya yi baƙi, ya tara guba yana jiran ranar da wani zai tona.

To wa za a ba wa, wa za a hana? Maigida ba ya tambayar mai saye abin da yake so, don kowa rairayi yake so. Sai ya je gidan, a gaisa, ya roƙi ruwan sha, ya ce shi da kansa zai ɗiba. Ya ɗaga faifan randa, ya zura hannu har ƙasa, ya shafa. In yatsa ya fito da santsi, babu rairayi. In ya fito tas, a zuba.

Na tuna wani babban ɗan kasuwar albasa a Galma, mutum mai motoci, da ya ga an kawo masa akwati ba ko ƙwayar yashi.

"Mamman, ni za ka kawo ma akwati tsirara? Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, Alhaji. Na san randarka kuma."

Alhaji ya fashe da dariya, ya ƙwala wa mutanen gida kira a zo a wanke randa. Kifayensa sun yi shekara huɗu.

Wannan dokar na riƙe bayan hannun Maigida ya fara rawa ya bar mini shago, yana zuwa kawai ya zauna a benci. Da ita na yi aiki shekara da shekaru ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai a gidan Malam Illa a Buza.

'Yarsa Hadiza ce ta zo shagona, ungozoma ce, da farar rigar aikinta a jaka. Ta ce mahaifinta masunci ne, a tafkin Keita ya yi rayuwarsa. Wata biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce in zai ci abinci ya riƙa motsa hannun, wani abu zai dawo. Shi kuwa ya juya fuska ga bango, in an kai cokali bakinsa sai ya datse haƙora. Yana ramewa a gabansu.

"Malam Shu'aibu, ban san ko wauta nika yi ba. Na ce ko in ya ga kihi."

Na ɗaura akwati a bayan moto na tafi Buza. Matarsa, Inna Tsahara, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai saurin tafiya, da tsintsiya a hannu na same ta. Muka gaisa, na roƙi ruwa, na ɗaga faifai na zura hannu. Tun da nake ban taɓa shafa randa irin wannan ba, yatsana har ƙara ya yi a jikinta. Sannan ta ɗaga labule na leƙa ɗakin da majiyyacin yake kwance. Babu siminti. Rairayi ne tankaɗaɗɗe, fari sol, an shimfiɗa shi daga bakin ƙofa har ƙafar gado, an bi shi da yatsu an zana igiyoyin ruwa, layi bayan layi, ba wanda ya hau wani. Mutum sai ya ji kunyar takawa. Na tsaya kamar yadda na tsaya a Keita ina ɗan shekara goma sha tara. Na ce a raina, in akwai gidan da ya cancanci rairayi a ƙasar Adar, wannan ne.

Na kafa akwatin a kan tebur daidai inda zai gani in ya juyo. Na zuba rairayi gaɓa ɗaya, na dasa ciyawa uku, na haɗa injin iska, na bar ruwan ya kwana biyu, na dawo da kifi bakwai, jajaye masu baƙar jela, irin waɗanda ba sa ƙwai, 'ya'ya suke haifa da rai. Na nuna wa Hadiza yadda ake zuƙe datti da tiyo. Hadiza, wadda take fita aiki da safe ta dawo gab da magariba, wadda ma ba a gidan take kwana ba.

Ita kuwa Inna, wadda za ta wuni da akwatin, me na gaya mata? Na zauna a kujerar tsuguno tun azahar har la'asar ina zuba. Na ce, Inna, kin ga wancan mai doguwar jela, saurayi ne, waccan da take ɓuya bayan ciyawa ita yake so, amma iyayenta ga su can sun tsare hanya. Na ba kowane kifi suna da dangi da ciwon zuciya. Tana ta dariya tana rufe baki da gefen zane.

"Wanga mutum, an jiƙa maka harshe da zuma."

Magana biyu ya kamata na faɗa, kada ki ƙara, kada ki tona. Ban faɗa ba.

A rana ta uku Malam Illa ya juyo. Hadiza ce take gaya mini a waya. Inna ta gano dabara. Sai ta ɗanɗaƙa abincin kifin ta sa tsakanin babban yatsa da manuni na hannun da ya mutu, ta tallabi gwiwar hannun ta kai bisa ruwa, ta jira. Wani lokaci sai an daɗe kafin yatsun su buɗe. In sun buɗe, kifaye suka taso suka ci, sai ta ɗauko kwanon fura ta ce, "Sun ci. Saura kai." Ya sha. Cikin wata biyar mutumin da aka fara yi wa kallon gawa yana zaune da kansa, yana ɗaga hannun har bakin akwati ba mai tallabi.

Wata biyar ban taka Buza ba. Aiki ya yi yawa, labari ya bazu, kowa na son akwati irin na Malam Illa. In na kira sai in ce, "Kifi lafiya?" A ce lafiya lau. Ko sau ɗaya ban ce, "Rairayi fa?" ba.

Abin da ban sani ba, kowace Juma'a Inna takan sabunta rairayin ɗakinta. Kifayen nan kuwa baƙi ne a ɗakinta, su ne ma suka ta da mijinta. Tana ganin ɗigon baƙin kashi a kan farin rairayinsu sai ranta ya ɓaci, ta wanke tafi guda na sabon rairayi ta barbaɗa a kai ya rufe. Haka za ta yi wa duk wanda take girmamawa. Juma'a ashirin. Datti, rairayi, datti, rairayi, har ya kai kaurin tafin hannu. Ga bazara ta shigo, ruwan ya yi ɗumi, kuran yana tafiya tun hantsi sai la'asar.

Ranar jajibirin Babbar Sallah ta gama gyaran ɗaki, ta zana igiyoyin ruwanta a ƙasa, ta dubi akwatin ta ga ba daidai ba ne baƙi su yi Sallah ba ado. Ta naɗe hannun riga, ta zura yatsu huɗu har gilashin ƙasa, ta ja daga wannan gefe zuwa wancan. Kumfa ta taso, baƙin gajimare ya turnuƙe ruwan, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin. Malam Illa yana kan gado yana gani. Mutumin da ya yi shekara arba'in a bakin tafki ya san wannan warin, warin laka ne na kududdufin da kifinsa ke shirin mutuwa. Ba shi da bakin faɗa. Ya ɗauki moɗa da hannun hagu yana buga ƙarfen gado. Inna ta ɗauka ruwa yake so, ta fita ɗebo masa.

Hadiza ta kira ni a waya. Da na isa bayan azahar, biyar suna kwance a saman ruwa ciki sama. Biyu suna haki a kusurwa. Na kwashe su na sa a roba da ruwan randa. Inna tana zaune a bakin ƙofa, hannunta baƙi har gwiwa, ba ta wanke ba. Malam Illa ya koma ga bangonsa. Ranar Sallah aka kawo masa hantar ragon layya, ya datse haƙora. Kashegari ma haka. Ruwa kawai Hadiza take ɗura masa da cokali.

Na koma Madawa da akwatin don in wanke, na tarar da Maigida a bencinsa. Na faɗa masa komai, ina ta nanata cewa na bi doka.

"Ka duba randa?"

"Na duba, Maigida. Tas take."

"Ka duba ɗaki?"

"Na duba. Shi ma ya sa na zuba."

"Dubawa ka yi ko kallo? Macen da ka sake rairan ɗakinta kowace Juma'a, ka ajiye mata rairai gabanta ka tahi, kana tsammanin ta naɗe hannu? Randa raggo taka kamawa, ɗan littahi. Mai tsabta da baki aka kama shi, kai kuwa ka kashe bakinka wajen aurar da kihi."

Rana ta huɗu na koma Buza da akwatin wankakke, ƙasansa gilashi zalla. Inna ta tare ni a ƙofar ɗaki da tsintsiyarta.

"Ina rairan?"

"Babu, Inna. Haka za a bar shi."

"Ba cikin ɗakina ba. Ɗakin da mutane sunka tashi shi ka zama haka. Malam ya juyo ya ga ƙasa tsirara, mi kaka so ya ce a ransa? An share wuri ana jiran hitatai?"

Kwana huɗu ina haɗiye fushi, kuma da kaina nake fushin, amma a kanta na sauke. Na ɗaga murya a gidan mutane, gaban tsohuwar da ta haifi kamar ni.

"Inna, rairanki ne ya kashe su!"

Ba ta ja da baya ba ko taku ɗaya.

"Ni na sa hannu, ban musa ba. Amma wa ya zauna nan tun azahar hal la'asar shina ba ni labarin saurayi da budurwa? Ka hwaɗa mini waccan na son wancan. Ka hwaɗa mini kar in taɓa?"

Ta nuna akwatin da kan tsintsiya.

"In cikin ruwa shika kisa, to sa shi waje su gani mana. Kai ba mai gilashi ba ne?"

Shekara ashirin ina sana'ar lokacin, ban taɓa tunanin haka ba, Maigida ma bai taɓa ba. Na kwanta a ƙasa na dubi akwatin daga ƙarƙashi. Ƙarami ne, kuma gilashin ƙasa mai kauri ne, kamar yadda aka koya mini yi. Zai iya zama a kan firam da sanda ɗaya a tsakiya. Na tafi wurin wani kafinta a bakin kasuwar Buza na zana masa a ƙasa: tebur marar rufi, a ƙarƙashinsa aljihu marar zurfi da ake ja a mayar, bakinsa dab da gilashi. Ya ce sai bayan Sallah ta wuce. Na ɗauki zartonsa na fara yanka da kaina, da ya ga zan ɓata masa katako ya karɓe.

Kashegari da hantsi muka kafa. Inna ta cika aljihun da busasshen rairayinta, ta baje, ta zana igiyoyin ruwa da yatsu huɗu, ta tura shi ciki. Na zuba ruwa, na saki kifi biyun. Ta ɗage labulen ƙofa, haske ya shigo ya ratsa ruwan, ya wuce gilashin ƙasa, ya kwanta a kan zanenta. Inuwa biyu suka fara tafiya a kai. In ba an gaya maka ba, ba za ka san rairayin ba a cikin ruwa yake ba.

Malam Illa bai motsa ba. Kwana biyar ke nan bai ci ba, ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito ta cikin riga. Inna ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta juya masa baya, ta yi magana da ni da ƙarfi kamar ni ne kurma.

"Shu'aibu, kwanansu biyar ba su ci ba. Ni ba ni ba su, hannuna ya kashe 'yan uwansu. Kai ma ba ka ba su, ba naka ba ne. In mai su bai ba su ba, su mutu, mu huta."

Muka jira. Ban san tsawon lokacin ba, ƙafata dai ta yi sanyi a tsugune. Sai gadon ya yi ƙara. Ya juyo da kansa tukuna, ya daɗe yana duban ƙasan akwatin, ba kifin ba. Sannan hannun dama ya taso daga kan bargo yana rawa. Inna ta sa masa abincin tsakanin yatsu ba tare da ta dubi fuskarsa ba. Yatsun suka buɗe. Kifi biyu suka taso.

"Sun ci," in ji ta. "Saura kai."

Ya haɗiyi fura sau uku.

Wannan bai hana shekarar zama mummuna ba. Labarin mutuwar kifi ya riga labarin aljihun tebur isa Madawa, kuma ya fi shi daɗin faɗa. Aka ce akwatin Shu'aibu ya kusa kashe mutum ranar Sallah. Waɗanda suka yi oda suka janye. Wani ya dawo mini da nasa a amalanke, wata ta zubar da ruwan ta mayar da nata wurin ajiye biredi. Har aka yi girbi, aka sake shiga wata bazarar, madubin moto da gilashin taga nake yankawa. Ban ce an zalunce ni ba. Na zagaya duk gidan da na taɓa zuba wa rairayi daga Galma har Allakaye, ina zura yatsa ina awo, ina faɗin magana biyun nan ga wanda ke wuni da akwatin, ba ga wanda ya saya ba. A gida uku na tarar an ƙara.

Shi ya sa in na ga ledar tsakuwarku mai fenti jinina yake tafasa. Ba ku san gidan da za ta shiga ba. Ba ku sha ruwan randarsu ba, ba ku leƙa ɗakinsu ba, ba ku san wanda ke kwance yana jiran kifi ya ci kafin ya ci ba. Ni da na wanke rairayi shekara guda, na bi doka, na tafasa na shanya, da ɗan surutun yamma ɗaya na kusa kai mutum kabari. Ku kuwa minti huɗu.

Malam Illa ya ƙara shekara bakwai. Magana ba ta dawo ba, amma da hannun dama ya ci tuwonsa har ya koma ga Allah. Kifi biyun nan da suka tsira mace da namiji ne. Suka haihu, 'ya'yan suka haihu, Inna ta fara raba su a robobi a inuwar rumfarta, kowace roba ƙasanta fes ba ko ƙwayar yashi, tana zuƙe datti da tiyo safe da yamma. Yau duk jan kifin da nake sayarwa daga rumfarta yake fitowa. Akwatin yana nan a ɗakinta, kowace Juma'a tana jan aljihun ta sake zane.

Bara ta zo Madawa biki, ta biyo ta shagona tana dogara sanda. Muka gaisa, ta ce ƙishirwa take ji. Na tashi zan ɗebo mata, ta ce in zauna, ita da kanta. Ta ɗaga murfin randar shago, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har ƙasa ta shafa. Ta fito da yatsan ta kai shi kusa da idonta, ta murza shi da babban yatsa, sannan ta goge a kafaɗar rigata.

"Shu'aibu," ta ce, "kai ko cokali guda na rairai ba ni ba ka."